Ziyarar Ƙasar Sin: Abin da Ke Cikin Takardar Jagora da Abin da Ba Ya Ciki

Ƴan kasuwarmu na Maraɗi, Damagaram da Yamai sun daɗe da sanin hanyar ƙasar Sin. Sai dai da yawansu, in aka tambaye su abin da suka gano, labarin ba ya wuce filin jirgi, ɗakin otel, rumfunan kaya na Gwanju ko Yiwu, da ofishin mai loda kwantena. Mutum zai yi zuwa goma bai taka Babbar Ganuwa ba, bai kuma san cewa tsakaninsa da wani masallaci mai ɗaruruwan shekaru tafiyar ƴan mintoci ce a mota ba. Wannan bayani domin magidancin da ke da niyyar ƙara mako guda a kan tafiyarsa ne, ko ya ɗauki uwargida da yara, su shiga irin yawon buɗe idon nan da kamfani ke shiryawa, da jagora, da mota, da masauki.

Tafiya da jagora a ƙasar Sin tana da dalili. Harshen ba ya kama da Faransanci ko Larabci balle a yi cinke, rubutun ma haka. Manyan wuraren tarihi sai an tanadi tikitinsu tun kafin ranar, da lambar fasfo. Ciniki kusan duka ya koma wayar salula ta Alipay da WeChat, ko da yake takardar kuɗi ba ta daina aiki ba. WhatsApp, Facebook da Google kuwa a toshe suke a layukan ƙasar. Wanda ya je shi kaɗai, rabin kwanakinsa a neman hanya za su ƙare. Amma jagora ma'aikaci ne, takardar da kamfani ya ba shi yake bi sa'a bayan sa'a, kuma ba a rubuta takardar nan da iyalin Musulmi a zuciya ba. Saboda haka babban aikin tafiyar a gida ake yin sa, ranar da aka miƙo wa mutum tsarin kwanakin, tun bai biya ko dala ba.

Bejin

Kusan kowane tsari da Bejin yake farawa, birnin da masu Faransanci ke kira Pekin. Rana ta farko a kan kai baƙi dandalin Tiyananmen, daga nan a shiga tsohuwar fadar sarakuna, wadda ake ce wa Haramtaccen Birni domin a da talaka ba ya shigarta. An gama gininta a 1420, zamanin sarki Yongle na daular Ming, sarakuna 24 suka zauna cikinta har zuwa na ƙarshe, Puyi, wanda ya sauka daga mulki a 1912, aka fitar da shi daga fadar a 1924. Faɗinta ya kai hekta 72. Ana shiga ta ƙofar kudu a fita ta arewa, tafiyar kusan kilomita guda a kan dutse, soro bayan soro, kuma inuwa kaɗan ce a tsakar filayen. Mai tafiya da tsohuwa ko ƙaramin yaro ya san da haka. Ranar Litinin a rufe take. Abin da jagora ba kasafai yake faɗa ba shi ne, sarkin nan Yongle shi ne ya tura Zheng He, ɗan gidan Musulmi daga lardin Yunnan, da ayarin jiragen ruwa. Tafiye-tafiye bakwai aka yi tsakanin 1405 da 1433, har suka kai gaɓar gabashin Afirka.

Kashegari sai Babbar Ganuwa. Yawancin kamfanoni Badaling suke kai mutane, wajen kilomita 70 daga birni. Sunan ya yi wa Bahaushe kama da badala, amma haɗuwar sauti ce kawai. Nan ne ya fi cunkoso. Mutianyu ya fi shi sarari, kuma duka biyun suna da keken da ke rataye a igiya, mai kai mutum sama ba tare da ya hau matakala ba. Ganuwar da ake gani a nan ginin daular Ming ce, wadda ta yi mulki daga 1368 zuwa 1644. Awon da hukumomin ƙasar suka bayyana a 2012 ya ce in aka haɗa dukkan rassanta na zamunna daban-daban, tsawon ya kai kilomita 21,196. Zancen cewa ana hango ta daga duniyar wata kuwa ba shi da tushe. Ɗan sama jannatin Sin na farko, Yang Liwei, da ya dawo a 2003 cewa ya yi bai gan ta ba.

A hanyar ganuwa ne a kan tsaya a wani wuri da takarda ta kira masana'antar duwatsu masu daraja, ko gidan shayi, ko cibiyar maganin gargajiya. Kanti ne. Tafiyar da aka ga ta yi araha fiye da kima, a nan ake fanshe kuɗinta, domin kamfani da jagora suna da kaso a duk abin da baƙo ya saya. Dokar yawon buɗe ido ta 2013 ta hana tilasta wa baƙi sayayya, amma sa'a biyu da aka kashe a kanti an riga an cire su daga lokacin ganuwa. A tambayi kamfani a rubuce: kanti nawa ne a cikin tsarin? Araha dai ba ta ado.

Sa'o'in nan biyu su ne ya kamata a nema wa unguwar Niujie, wato Titin Shanu, kudu maso yamma da Tiyananmen, inda Musulmin Bejin suka fi yawa. Masallacin unguwar an kafa shi a 996, aka sabunta shi a 1442 da kuma 1696. Wanda ya tsaya a ƙofarsa zai ɗauka fada ce ko ɗakin ibadar mutanen ƙasar: rufin tangaran mai lanƙwasassun gefuna, ginshiƙan katako ja. Sai ya shiga ya ga ayoyi an rubuta su da alƙalamin da ya ɗauko salon burushin Sinawa. Akwai hasumiya mai kusurwa shida da aka gina domin duban wata, da ƙaburburan shehunnai biyu da suka zo daga ƙasashen yamma suka rasu a ƙarni na 13. A kan rufe tsofaffin gine-gine irin wannan domin gyara, don haka jagora ya bincika tun kafin ranar. Ko ba a shiga ba, unguwar cike take da mahauta da gidajen abinci na halal.

Masauki da abinci

Otel-otel ɗin da kamfanoni ke sauke baƙi galibi masu tsabta ne, ba a nan matsalar take ba. Kowane baƙo sai ya miƙa fasfo, otel ya shigar da sunansa wurin ƴan sanda. Wanda ya sauka gidan ɗan'uwa ko aboki kuwa, shi zai je ya yi rajistar da kansa cikin sa'a 24. An sha samun ƙananan otel da ke cewa ba sa karɓar baƙin waje, har hukumomi suka fito a 2024 suka ce a daina, amma wanda bai son jayayya da tsakar dare gara ya samu tabbaci tun daga gida. Abin dubawa na biyu shi ne inda otel ɗin yake. Tauraro huɗu a bayan gari, inda sai an yi sa'a guda kafin a iso tsakiyar birni, bai kai tauraro uku kusa da unguwar Musulmi amfani ba, domin bayan jagora ya yi sallama da yamma, abincin dare da sallar isha'i sun koma wuyan maigida.

Ruwan famfo ba a shan sa sai an tafasa, shi ya sa kusan kowane ɗaki ke da tukunyar lantarki. Buta kuwa babu, sai a sa ƙarama a cikin kaya. Alƙibla ma abin lura ce. Mu nan mun saba, in an ce a fuskanci gabas an san salla ake nufi. A ƙasar Sin Makka tana yamma. Agogonsu yana gaban namu da sa'a bakwai, kuma duk faɗin ƙasar lokaci ɗaya ake bi. Ba a saba ganin mutum ya shimfiɗa darduma a dandali ko tashar jirgi ba, kuma yin haka na iya jawo masu gadi. Ya kyautu a tambayi malami hukuncin ƙasaru da haɗa salloli kafin a tashi, sa'an nan a tsara yini yadda azahar da la'asar za su riski ayari a masallaci ko a masauki.

Abinci shi ne inda ake bukatar idon uwargida. Naman alade shi ne naman yau da kullum na mafi yawan Sinawa, har in aka ce nama kawai ba a fayyace ba, shi ake nufi. Yana cikin cushen burodin da ake turarawa da safe, kitsensa na shiga ganye da shinkafa, giyar girki kuma na shiga kifi da kaza. Cewa jagora «ba ma cin alade» bai wadatar ba. Kalmar da za a riƙe ita ce qingzhen, ana furta ta kamar «cing-jen», ana rubuta ta 清真, ita ce halal a bakin Musulmin ƙasar. A ajiye hoton haruffan nan biyu a waya, domin tun wajen 2019 aka sa gidajen abinci na Bejin da wasu birane su cire rubutun Larabci daga allunansu. Sauƙin da ke akwai shi ne, da wuya a samu babban birnin da babu shagon taliyar Lanzhou da naman sa, wadda ake ja da hannu a gaban mai saye, kuma akasarin masu shagunan Musulmi ne. Wasu manyan gidajen abinci masu alamar halal suna sayar da giya. Wanda wannan ya dama ya leƙa kafin ya zauna.

Shi'an

Daga Bejin zuwa Shi'an, wanda a takarda ake rubutawa Xi'an, wajen kilomita 1,200 ne, jirgin ƙasa mai sauri na cinye su cikin sa'a biyar ko kusa da haka. A ganina nan ne zuciyar tafiyar, kuma nan ne kamfanoni suka fi yi wa baƙi rowar lokaci. Wannan shi ne tsohon Chang'an, babban birnin daular Tang, inda hanyar fataken siliki ta ƙare daga gabas.

Abin da ke kawo duniya nan shi ne rundunar sojojin yumɓu. A watan Maris na 1974 wasu manoma na haƙar rijiya suka ci karo da gutsattsarinsu. An ƙiyasta sun kai 8,000, kowane da tsayin mutum, fuskokinsu daban-daban, da dawaki da karusai, an binne su domin su tsare kabarin Qin Shi Huang, sarkin da ya haɗe ƙasar a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, ya mutu a ta 210. Tudun kabarin kansa har yau ba a buɗe shi ba. Akwai iyalan da za su yi ƙyamar shiga wurin mutum-mutumi. Ya kamata a san cewa waɗannan ba gumakan bauta ba ne, kayan kabari ne na sarkin da ya so ya tafi lahira da dakarunsa; kowane gida dai ya yanke shawararsa tun kafin a biya tikiti.

Tsari da yawa daga nan sai ganuwar birnin, mai kewayen kusan kilomita 14, sai a saki baƙi sa'a guda a «titin Musulmi» da ke bayan Hasumiyar Ganga, su ci tsire su sayi tsaraba. Mutum zai iya ratsa titin nan kaf, cikin hayaƙi da hayaniya, bai san cewa a wani lungu mai suna Huajue, ƴan taku kaɗan daga inda yake, akwai ɗaya daga cikin manyan tsofaffin masallatan ƙasar ba. Wani allon dutse da ke ciki ya kai asalinsa shekarar 742, amma ginin da ake gani a yau ya faro ne daga ƙarshen ƙarni na 14, farkon daular Ming. Fadoji da ɗakunan ibadar Sinawa daga kudu zuwa arewa ake jera su. Wannan kuwa an miƙe shi daga gabas zuwa yamma, domin mai shiga ya riƙa nufar alƙibla tun daga ƙofar farko. Farfajiya ce bayan farfajiya, da itatuwa da ƙofofin katako da na dutse, hayaniyar kasuwa na raguwa a bayan mutum har ta ɓace. A tsakiya akwai hasumiya mai kusurwa takwas da ta tsaya a matsayin wurin kiran salla. Can ƙarshe ɗakin salla yake, mai ɗaukar mutum wajen dubu, an sassaƙa Alƙur'ani a allunan katako da ke jikin bangonsa. Masu yawon kallo a bakin ƙofa suke tsayawa. Musulmi kuwa yana cire takalmi ya shiga sahu. Limami a nan ahong ake ce masa, kalmar da ta samo asali daga Farisanci, alamar hanyar da addinin ya biyo. Tsofaffin da ke zaune a farfajiya da fararen huluna ba su jin harshenka, ba ka jin nasu, amma sallama ɗaya ce.

Waɗannan su ne ƙabilar Hui, masu magana da harshen Sinanci. Ƙidayar 2020 ta ba su mutum miliyan 11 da ƴan kai, ƙabilar Uigur ta yankin Shinjiyang ma kusan haka, ban da wasu ƙabilu takwas da Musulmi suka fi yawa cikinsu. Kafin a bar unguwar a nemi paomo: gurasa ce mai tauri da mai ci ke gutsuttsurawa da hannunsa ƙanana-ƙanana, a kai ta madafa a zuba mata romon rago. Wanda ya taɓa cin gurasa da romo ba zai ji baƙunci ba.

Akwai abin da ba za a ji daga bakin jagora ba, kuma bai kamata a matsa masa a kai ba. Tun 2018 gwamnati ke bin manufar mayar da addinai bisa kamannin Sin. An sauke ƙubbobi da hasumiyoyi daga sababbin masallatai masu yawa, har aka yi zaman dirshan a Weizhou na yankin Ningshiya a 2018, aka kuma yi arangama a Najiaying na lardin Yunnan a 2023. A wasu yankuna an hana yara ƴan ƙasa da shekara 18 karatun addini da shiga masallaci. Game da Shinjiyang, ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto ranar 31 ga Agusta 2022 da ya ce an tafka mummunan take haƙƙi ga Uigur. Gwamnatin Sin ta musanta. Tsofaffin masallatan da baƙi ke ziyarta, masu ginin gargajiyar Sin, ba su ne aka fi taɓawa ba, don haka kyawunsu ba shi ne hoton ƙasar duka ba. Baƙo zai hau jirgi ya koma gida, wanda ya yi wa tambaya a gaban mutane kuwa a nan zai zauna. Kada a ɗauki hoton mai salla ba da izninsa ba, kada kuma a raba littattafai ko a yi wa'azi, domin doka ta hana baƙin waje yin haka.

Gwanju da abin da ke bayanta

Gwanju, wadda Turawa ke kira Kanton, Larabawan da kuma suka sani da Khanfu, ita ce ƙofar da mutanenmu suka fi shiga. Wanda zai kai iyali ya kauce wa lokacin babban baje kolin birnin, wanda ake yi tun 1957, sau biyu a shekara, daga tsakiyar Afrilu da kuma daga tsakiyar Oktoba, domin kuɗin otel kan yi tashin gwauron zabo. Haka nan makon farko na Oktoba da hutun sabuwar shekarar Sinawa, lokacin da ƙasar duka ke kan hanya.

A nan masallacin Huaisheng yake, da hasumiyarsa mai tsawon mita 36, mulmulalliya, ba ta da ado ko kaɗan, wadda a da take bakin kogi tana zame wa jiragen fatake alama. Akwai kuma masallacin Xianxian, inda ranar Juma'a ake ganin Sinawa, Larabawa, mutanen Pakistan da ƴan Afirka ta Yamma a sahu ɗaya. A harabarsa ne kabarin da mutanen wurin ke cewa na Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ne, Allah Ya yarda da shi, suna kuma cewa shi ya gina Huaisheng a 627. Jagora zai faɗi haka da gaba gaɗi, baƙi da yawa su dawo gida suna cewa sun ziyarci kabarin sahabi. Littattafan tarihin Musulunci ba su tafi a kan haka ba. Shekarar 627 ita ce ta yaƙin Khandaƙ, Sa'adu yana Madina. Ya rasu a gidansa na Aƙiƙ wajen shekara ta 55 bayan hijira, aka kai shi Baƙi'a. Abin da ya tabbata a kundin tarihin Sinawa shi ne isowar manzanni daga ƙasar Larabawa a 651, zamanin halifa Usman. Wannan bai rage wa wurin daraja ba: maƙabarta ce ta Musulmin farko da suka ƙetare teku da fatauci, suka zauna, suka mutu a nan. A yi musu addu'a a matsayinsu, a kuma gaya wa yara bambancin abin da ake faɗa da abin da ya inganta.

Mai sauran kwana biyu ya roƙi a ƙara masa Quanzhou, a lardin Fujiyan, tafiyar ƴan sa'o'i a jirgin ƙasa. Ba ta cika shiga tsarin kamfanoni ba, ko da yake UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2021. Ita ce Zaitun ta littattafan Larabawa. Ibn Battuta ya ce ya sauka a nan wajen 1345, ya kuma lissafa tashar jiragenta cikin mafi girma da ya gani. Shekara takwas bayan haka, a 1353, mutumin nan guda yana Takedda, a yankin Agadas na yau, yana ba da labarin tagullar da ake kaiwa Gobir da Barno. Masallacin Qingjing na birnin, wanda aka gina a 1009, da dutse aka yi shi bisa salon ƙasashen Larabawa, ba na Sin ba. Rufin ɗakin sallar ya faɗi tun ƙarnoni da suka wuce, saura bango da guntayen ginshiƙai a cikin ciyawa, da ayoyi a sassaƙe a jikin dutse. A wani bango an kafe umarnin sarki Yongle na 1407, mai gargaɗin jami'ai da talakawa kada su wulaƙanta Musulmi. Gidan tarihin sufurin teku na birnin kuma yana ajiye da ɗaruruwan duwatsun kabari masu rubutun Larabci da Farisanci, da sunan mamaci, da na mahaifinsa, da garin da ya fito, da shekarar hijirar da ya rasu. Wanda ya yi karatun allo zai iya karanta da yawa daga cikinsu ba tare da jagora ba.